Na Je Rufa Coci, Na Ɓige da Kiwon Akuya

Akwatin kayan aikina ya riga ni shiga Nijar, kuma har yau bai dawo ba. A bakin iyaka, ta wajen Kangiwa, 'yan kabu-kabu biyu suka tare ni da fara'a kamar sun ga ɗan'uwansu. Ɗaya ya ce yashi ya yi yawa, babur guda ba zai ɗauke ni da akwati ba, gara in hau nasa, abokinsa ya yi gaba da kaya. Na ga maganar da hankali a ciki. Har taya su ɗaure akwatin na yi, don kada ya faɗi a hanya. Zarto, guduma, igiyar awo, da duk ƙarfen da na tara tun ina koyon aiki, da hannuna na ɗaure wa ɓarawo su, na kuma yi masa fatan sauka lafiya.

Sunana Istifanus, kafinta ne ni, rufin kwano shi ne abin da na fi iyawa. Ƙauyenmu yana bayan Jos. Wani mutum da na haɗu da shi a taron coci ya ce mini akwai 'yan'uwa a Dogon Dutsi da suka tayar da bangon majami'a, mai rufi kawai suke jira. Ni kuwa na miƙe a gaban jama'a ran Lahadi na ce Ubangiji ya kira ni Nijar. Ban ce aiki na samu ba, kira na ce. Mata suka yi guɗa, matata Rahila tana share hawaye.

Abin da ban faɗa musu ba shi ne garin ne ya ishe ni. A shekarar da ta gabata aka tsinci gawar wana Yakubu a gonarsa ta dankali. Kowa ya ce makiyaya ne. Ban gani da idona ba, ban kuma nemi in gani ba. Tun daga ranar, ba na iya jure jin kukan saniya. In muna addu'ar da Ubangiji ya koya mana kuwa, da an zo wurin da ake cewa mu ma mun yafe wa waɗanda suka yi mana laifi, sai in ƙirƙiri tari, har a wuce wurin in ci gaba da jama'a.

Na isa Dogon Dutsi da jakar tufafi da ƙura a gira. Ga dutsen can tsaye a kan gari, ga manyan motoci suna wucewa Yamai ba sa ko kallon mutum. Hausa ake yi, amma in ka tambayi kuɗin abu sai a haɗa maka da Faransanci, in ka ce a maimaita a dube ka kamar kai ne ba ka jin Hausa. Da tambaya na sami majami'ar. Bangon na nan kamar yadda aka ce, babu ko sanda guda a kansa, jama'a a ƙarƙashin rumfar zana suke sujada. Faston, wani siriri mai suna Gado wanda malamin makaranta ne kuma, ya saurare ni har na gama.

"Wa ya aiko ka, ɗan'uwa?" ya tambaya.

Na faɗi sunan mutumin. Ya ce ya taɓa wucewa sau ɗaya, ya yi alkawura, ba su sake jin ɗuriyarsa ba. Ba su da kwano, ba su da katako, ba su da ranar samu.

"Amma Allah ne ya kira ni," na ce, ni kaina na ji muryar ba ta da ƙarfi.

"To, mu dai bai gaya muna ba," in ji shi. "Shigo ka sha ruwa."

A ɗakin ajiye bencinan majami'a ya ba ni tabarma. Komawa gida ba ta taso ba. Da wane ido zan kalli matan da suka yi mini guɗa? Na sami wani kafinta a bakin kasuwa yana ɗaukata aikin yini da kayan aikinsa. Ina ta gaya wa kaina jarrabawa ce, kwano zai zo, zan hau bangon nan in rufa shi, in koma gida in ba da shaida mai daɗi. Ana nan, muna rufin wani shago a bakin kwalta, tsanin itace ya goce da ni. Na faɗo a kan hannun dama. Ƙarar da na ji irin ta karyewar busasshen kara ce, kafin zafin ya zo ma na san an gama.

Fasto Gado ya ce akwai maɗori mai kyau a wani ƙauye kusa da Dumega, akwai kuma wani tsoho nasu a can da yake zaune shi kaɗai, zai ba ni ɗaki. Haka aka cusa ni a bayan wata mota tsakanin buhunan hatsi da kaji, kowane rami muka faɗa sai na kira sunan Yesu, wata mata kusa da ni tana ce mini sannu. Maɗorin ya ja hannun har na ga taurari da rana tsaka, ya jera karare ya ɗaure da tsumma, ya ce ko cokali kada in ɗaga da shi.

Tsohon, Baba Tankari, Ba'are ne, ɗan ƙabilar Arawa, mai tsage daga baki har kunne. Mutanensa 'yan wajen Lugu ne, gidan masu hidimar iskoki, shi kaɗai ya bi Almasihu tun yana saurayi. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Yamai, duk ƙauyen babu Kirista sai shi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Anka ce man kafinta za a kawo. Wanga ai katakon na, shi ka bukatar gyara."

Washegari da safe kukan shanu ya tashe ni. Na tashi na leƙa ta darni. Rugar Fulani ce a cikin gonar Baba, ba ta fi jifa da dutse daga ɗakina ba. Ashe a can bayan girbi manomi da kansa yake kiran makiyayi ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar taki. Na bar ƙasata don kada in ji kukan saniya, ga shi an kawo ni an kwantar a bakin garke da hannu ɗaya. Na ce, "Ubangiji, wannan kuma wane irin wasa ne?"

Ban gama mamaki ba sai ga mai rugar, dogo, baƙi, da sanda a kafaɗa. Sambo sunansa. Tun daga nesa Baba ya ɗaga murya.

"Kai Bahillace! Shanunka sun cinye man kara, sun bar ni da ƙuda!"

"Ba'are, gode ma Allah," in ji Sambo. "In ba don kashin shanuna ba, da ƙaiƙayi za ka yi tuwo bana."

"Ka gan shi nan, bawana na," Baba ya ce mini.

"Ƙarya shikai. Shi na bawana tun kakanni."

Na ja da baya ina neman inda zan ɓuya in an zaro wuƙa. Sai na ga sun zauna a tabarma guda suna ta ƙyaƙyata dariya. Daga baya Baba ya ce Arawa da Fulani taubasai ne, in ba su zagi juna ba to ɗaya ba shi da lafiya. Kaina ya ƙara ɗaurewa. Sambo ya gaishe ni ya yi mini sannu da hannu, na amsa a daƙile ina kallon ƙasa. Kullum da safe matarsa takan aiko da ƙwaryar nono, kullum in ce cikina ba ya so. Baba ya shanye abinsa yana cewa cikin nawa na Bature ne.

Baba ba ya fashin addu'ar safe. A gindin wani gawo yake shimfiɗa buhu, mu durƙusa mu biyu, mu rufe da addu'ar Ubangiji. A cocinmu mutane da yawa ne, tarina yakan ɓace cikin muryoyi. Nan kuwa daga ni sai shi. Sai da aka kwana biyu ya tanka.

"Tarin ga naka ya yi lakwal," ya ce yana naɗe buhu. "Ya san karatu. Wuri guda shika kama ka kullum."

Na ce sanyin safe ne. Ya ce to, Allah ya sawwaƙe.

Akwai wani tudu a bayan gari inda waya take kama layin Najeriya. Can nake hawa in kira Rahila. Ta ce an fara rufin? In ce ana shiri. Ta ce 'yan zumuntar mata suna yi mini addu'a kowane mako, suna jiran hoto. In sauko jiki a sanyaye. Na yi kewar sanyin garinmu, na yi kewar gwate mai zafi da yakuwa, har warin shagona na yi kewa. Addu'ata ta koma guda ɗaya tak: Ubangiji, in ba ka da aikin da za ka ba ni a nan, buɗe mini hanya in koma.

Sai aka aiko wa Baba cewa wansa ya rasu a Lugu. Ya bar mini garin tuwo da kukar miya, ya ce zai kwana biyu. Ranar da ya tafi, da hantsi, ina zaune a ƙofar ɗaki, sai ga Sambo janye da akuya. Ja ce, cikinta ya ɗan fito, an yanke mata gefen kunne guda. Bai tambaye ni komai ba. Ya kafa turke kusa da ɗakina, ya buga shi da dutse, ya ɗaure ta.

"Baƙon Ba'are, ga ta nan, na ɗaura maka," ya ce. "Habbanaye ta."

Ya juya ya tafi. Ban san kalmar ba, ban kuma tsaya neman sani ba, don a ganina na riga na gane. A wajenmu, in aka wayi gari da dabbar makiyayi a gidanka, to ka shiga uku. Ya jira tsoho ya tafi, ya kawo mini tarko. Gobe zai zo da mutane ya ce na sata. Na kwance igiyar da hannun hagu da haƙori, na kora ta wajen ruga ina jifanta da ɓurɓushin ƙasa. Da la'asar sai ga shi ya dawo da ita.

"Ta kwance," ya ce, bai dube ni ba. "Ɗaurin nawa na bai yi ba."

Ya sake ɗaurewa, wannan karon ƙulli biyu. Ya san sarai ba ita ta kwance kanta ba.

Na zauna ina kallonta tana kallona. In tarko ne, me ya sa bai zo da mutane ba? Sai wani tunani ya zo mini. Watakila sadaka ce, ya ga gurgun hannu ya ji tausayi. Abin ya yi mini ciwo, ni ne yau Bafulatani yake ba sadaka. Amma kafin rana ta faɗi na juya maganar ta yi mini daɗi. Ba hanya na roƙa ba? Ga hanya an ɗaure mini a ƙofa da ƙafa huɗu. Akuya mai ciki za ta kai ni gida har da guzuri. Na yi godiya ga Allah da gaske, har da 'yar waƙa.

Ranar kasuwar Dumega na saɓa jakata na ja akuya. Wanda bai taɓa jan akuya da hannun hagu cikin yashi ba bai san wahala ba. Ta turje, ta zauna, ta yi kuka kamar ana yanka ta. Da ƙyar muka kai wajen dabbobi. Wani dillali mai jan rawani ya karɓi igiyar, ya buɗe bakinta, ya taɓa cikin, sai ya kama kunnen ya tsaya.

"Ina ka samo ta?"

"Tawa ce," na ce.

Hausata kaɗai ta isa ta gaya masa daga inda na fito. Ya kira na kusa da shi ya nuna masa kunnen. "Wagga shaidar gidan Sambo ta." Kafin in haɗiye yawu an kewaye ni. Baƙo, da jaka a kafaɗa, da akuyar mutane. Ba a kai ga cewa ɓarawo ba, amma na ji kalmar tana tahowa. Wani ya ce a kira jandarma, wani ya ce ai Sambo yana cikin kasuwa, a kira shi tukuna. Na ce shi ke nan, tarkon da na guje wa ne na kawo kaina cikinsa da ƙafata. Na nemi addu'a a bakina na rasa.

Ya zo da sandarsa a kafaɗa, mutane suka buɗa masa. Ya kalli akuya, ya kalli jakata, ya daɗe yana kallon jakar. Kalma guda zai faɗa a gama da ni.

"Ku sake shi," ya ce. "Ni na ɗaura mai."

"Habbanaye?" in ji dillali.

"I."

Hayaniyar ta mutu, abin da ya maye gurbinta ya fi ta ciwo. Wata tsohuwa mai sayar da dusa ta tafa hannu ta ce, "Habbanaye a kasuwa! Yau na ga abin da ban taɓa gani ba." Dillalin ya dube ni kamar yadda ake kallon wanda ya fito ba wando bai sani ba, ya yi mini bayani a hankali. In makiyayi ya ga mutum ya rasa komai, yakan zaɓi macen dabba daga cikin nasa ya ɗaura masa. Ba kyauta ba ce, ba kuma kiwon haya ba. Ka riƙe ta, ka ci da ita, ta haihu a hannunka. 'Ya'yan naka ne, uwar kuma in ta yaye ka mai da ta gidansu. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ko yunwa za ta kashe ka.

"Bai sani ba, baƙo na," in ji Sambo. "In gida shika so, ku saye ku ba shi kuɗin, shi tahi. Ba ni biyo shi."

Ya juya ya shige cikin kasuwa. Dillali ya miƙo mini igiya, ya ce to, yaya? Can gefe wata mota tana lodin masu zuwa bakin iyaka, direba yana kiran saura mutum biyu. Gobe war haka da ina kan hanyar Jos. Ba wanda zai hana ni, mai akuya da bakinsa ya yafe.

Ina so in ce na ji muryar Ubangiji a wurin, don haka ake so a ji a shaida. Ban ji komai ba. Akuyar ce ta miƙa wuya ta kama bakin tsumman ɗorina tana tauna. Na tsaya kamar gunki har motar ta cika ta tashi. Sannan na karɓi igiya na juya. A hanyar komawa ba ta turje ko sau ɗaya ba, ita ce ma a gaba, ni ina biye ina zagin kaina.

Da Baba ya dawo, labari ya riga ya tarye shi a hanya. Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Da ya gama ya share ido ya ce, "Yaro, ba a ɗaura ma mai wucewa. Ba a ɗaura ma wanda ba a yarda da shi ba. Ni shekara nawa muna tare, ko kaza bai ɗaura man ba, matsiyacin."

"Bai san ni ba, Baba. Ko gaisuwarsa ba na amsawa da kyau."

"Shi ka tambaya, ba ni ba."

Ban tambaye shi ba. Na dai zama makiyayin akuya guda. Mutumin da ya zo rufa ɗakin Allah, ga shi yana yawo gindin gawo yana tsintar 'ya'yansa a riga, yana roƙon harawa gida gida, yana jan guga da hannu ɗaya da ƙafa. Matan rijiya suka sa mini suna Mijin Ja. In na hau tudu Rahila ta ce yaya aiki, sai in ce aiki na nan da rai, don ban yi ƙarya ba.

A bakin rijiyar ne wata rana Sambo ya karɓi gugan daga hannuna ya ja mini. Yana zuba wa akuya ruwa ya ce, "Na san ƙasarku. Duwatsu da sanyi. Mun yi kiwo can ina saurayi. Ƙanena na can."

"Yana kiwo har yanzu?"

"Shina kwance," ya ce. "Maganar gona ta, da shanu, da hushin mutane. Ba mu samu ko gawa ba."

Na rasa inda zan sa idona. Can na ji bakina yana cewa, "Ni wana ne. A gona."

Ya gyaɗa kai kamar ya daɗe da sani. "Na gani ga yadda kaka kallon shanu," ya ce. Bai tambaye ni su wa ba, ni ma ban tambaye shi ba. Ya miƙo mini guga ya bi garkensa. Na dawo gida a ruɗe fiye da da. Na saba da baƙin cikina ni kaɗai, ban taɓa tunanin akwai irinsa a wancan gefen darni ba, kuma ban ji daɗin ganinsa a can ba.

Zafi ya shigo, maɗori ya kwance hannu. Ya fito siriri, a ɗan karkace. Na ɗauki gatarin Baba in gwada, yatsun suka ƙi rufewa a kan ƙota. A makon ne kuma Fasto Gado ya kira, murya cike da murna. Wasu 'yan'uwa daga Yamai sun kawo kwano da katako da kafintocinsu, an rufe majami'a tsaf, ran Lahadi a ciki za a yi sujada. Na ce madalla, na ce Allah ya yi abin kirki. Na sauko daga tudu na zauna kusa da turke na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a jana'izar Yakubu.

Baba ya same ni a haka. Na ce, "Baba, to me ya kawo ni? Rufin bai bukace ni ba. Kayan aikina sun tafi, hannuna ya tafi. In kira ne, kiran me? In kuma ba kira ba ne, me ya sa bai tare ni tun a gida ba?"

Na zaci zai buɗe mini wata babbar magana. Ya zauna a kan turmi ya ce, "Ni ma ban sani ba. Tun gashina na baƙi nika tambaya tai mi ya sa ya bar ni ni ɗaya garin ga. Can Lugu wurin makoki ko tabarma guda ba a so a zauna da ni. Bai ba ni amsa ba har yau. Ya dai ba ni sahiya, ya ba ni maƙwabta, bana ya ƙara man da mai tari. Abin da ya aje gabana shi nika yi. Tashi, akuyarka na kuka."

Ta haihu da azahar, ranar da zafi ya kai ko ƙuda ba ya tashi. Na ga ta kwanta tana nishi, ƙafa guda ta leƙo ta tsaya, ba gaba ba baya. Baba ba ya gida. Na gwada da hannun hagu, na ga zan kashe ta. Ban san lokacin da na tsallake darni ba. Na tsinci kaina a guje cikin shanu ina ƙwala kira, "Sambo! Sambo!" Ranar na fara kiran sunansa. Ya zo ya durƙusa, ya ce in riƙe mata kai in yi mata magana. Ban san me ake gaya wa akuya ba, sai na kama yi mata addu'a da sunan Yesu da ƙarfi, shi kuma yana bismilla yana juya ɗan a ciki. Biyu ta haifa, mace da namiji. Muka zauna a ƙasa jiƙe da gumi muna kallon tana lasarsu, ya ce, "Kafinta, ka iya kuka da ƙarfi. Shanuna sun watse."

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, Fulani suka soma shirin tashi daga gona don a yi shuka. 'Ya'yan sun kama cin ciyawa. Baba ya ce lokaci ya yi. Na wanke Ja, abin da ya ba matan rijiya dariyar mako guda, na ja ta zuwa ruga. Ban taɓa shiga rugar Fulani da sallama ba sai ranar. Sambo ya shafa bayanta ya taɓa haƙarƙari ya ce ta yi ƙiba, kafinta ya zama Bahillace. Ya kwance igiyar daga wuyanta ya naɗe ya sa mini a hannun da ya karye.

"Wagga taka ta," ya ce. "Wata rana ka ɗaura ma wani."

Matarsa ta kawo nono a ƙwarya ta ajiye a gabana ta koma gefe. Duk ƙwaryoyin da na mayar mata suna tsakaninmu. Na ɗauka da hannu biyu na kafa kai har sai da na ga gindin ƙwarya.

Namijin na sayar na yi kuɗin mota, wannan karon dillali har da ba ni hannu. Macen na bar wa Baba. Har yau in aka tambaye ni a cocinmu aikin da Ubangiji ya kai ni yi Nijar, sai in ce kiwon akuya, su yi dariya su zaci wasa nake. Ni kaina ban gama ganewa ba. Ban san ko sai da aka karya mini hannu abin zai yiwu ba, kuma ranar da yatsun suka ƙi riƙe guduma nakan sake tambaya da fushi.

Safiyar da zan tafi muka durƙusa gindin gawo kamar kullum. Bayan darni ana ɗora kaya a kan jakuna, shanu suna kuka, ana kiran maruƙa. Muka kama addu'ar Ubangiji tare. Muna kaiwa wurin nan, na ja numfashi zan yi abin da na saba, sai Baba ya riga ni. Ya kama tari, tari mai ƙarfi na ƙarya, ya bar wurin a buɗe ba murya ko guda. Na jira ya gama, ya ƙi gamawa. Fuskar Yakubu ta zo mini, da gonar dankali, da wani saurayi da ban taɓa gani ba wanda ba a sami gawarsa ba. Na buɗe baki na faɗa, ni kaɗai. Ban ce na gama yafewa ba, amma kalmomin sun fita, kuma kunnena ya ji su.

Tarin Baba ya tsaya cak. Muka ƙarasa tare, muka ce amin. Ya miƙe da ƙyar yana naɗe buhunsa, bai dube ni ba.

"Sanyin sahe na," ya ce.